Tukwanen da na saya babu ko ganye ɗaya

Bayan gidanmu a Konwol, can kudu maso yammacin Ingila, inuwa ce tsantsa. Shekara biyu ina gwada tumatir, ko fure bai yi ba. Wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta ce in daina jayayya da bishiyoyi, in nemi tsirran daji masu son inuwa, tunda iskar teku ba ta barin hunturunmu ya yi tsanani.

A watan Oktoba na yi oda daga wata ƙaramar gonar renon tsirrai: Trillium biyu (ɗan tsiron daji mai ganye uku), Epimedium ɗaya (tsiro mai yaɗuwa a ƙasa), da saiwa mai kama da albasa ta Cardiocrinum, wata ƙatuwar fure ta tsaunukan Himalaya. Kwali ya iso a ɗaure tsaf, amma tukwanen Trillium ƙasa ce zalla. Raina ya ɓaci, na buga musu waya. Mutumin bai yi fushi ba, ya ce barci suke, saiwar na nan a ƙasa, in zuba musu ruɓaɓɓen ganye in ƙyale su. Gaskiyarsa ce. Sai dai da sun rubuta haka a jikin kwalin, da ban kwana ina ƙirga asara ba.

Afrilu na kamawa ɗaya ta leƙo: ganye uku, fure ja mai kunnuwa uku, kamar an auna da ma'auni. Ɗayar kuwa dodon koɗi marar ɓawo ya cinye ta tun tana tsiro. Da tocila na kama su da daddare, sun yi dandazo a kanta. Wannan laifina ne.

Tsadar Trillium ta daina ba ni haushi da na fahimci daga iri takan kai shekara 5 zuwa 7 kafin ta yi fure. Masu gonar kuma renonta suke yi, ba daga dazukan Amurka ake haƙo musu ba, abin da ya kamata mai saye ya tambaya kenan.

Epimedium ba ruwanta, tana ta yaɗuwa a gindin bishiya inda ƙasa ta bushe. Cardiocrinum har yanzu ganye kawai take ba ni, masu faɗi da sheƙi. Ranar da ta yi fure za ta wuce mita 2, sannan uwar ta mutu ta bar 'ya'ya a ƙasa. Maigidana ya ce wannan ba shuka ba ce, adashi ne.

Na sake yin odar Trillium uku, wannan karon na tanadi tocila tun kafin su iso.