Zinaren da ba a ɗora shi a sikeli

Yaya, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan kasuwa baki ɗaya. Ka tambaye ni yadda cinikin zinare yake a nan Jamus. To, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cinikin tsofaffin tsabar kuɗin Romawa.

Trier, garin da nake aiki, fadar sarki ce a da. Sarki Balentiniyan na Farko, wanda ya yi mulki daga 364 zuwa 375, ya daɗe yana zaune a nan, kuma a nan aka buga masa kuɗi masu yawa. Na zinarensa solidus ake ce masa, giram 4.5 ne, guda 72 ake fitarwa daga laba ɗaya ta Romawa. Da mai wani shagon tsofaffin kuɗi ya faɗi nauyin sai na tuna da dinarin da malamai ke lissafa sadaki da zakka da shi, mai giram 4.25. Ashe daga irin wannan kuɗin aka ɗauko awonsa.

A wurinku, kowane zinare sai ya hau sikeli, a goga shi a dutse, a yanke farashi kan giram. Nan kuwa mai shagon ya miƙo mini madubi mai ƙara girma, ya nuna mini ƙananan haruffa a ƙasan tsabar: TROB. TR ɗin Trier ke nan, OB kuma shaida ce cewa tataccen zinare ne. Na azurfa TRPS ake rubuta masa. Waɗannan haruffa, da kyawun fuskar sarkin, da sanin hannun da tsabar ta bi kafin ta iso, su ke yanke kuɗi. Wadda aka goge ta yi ƙyalli ma faɗuwa darajarta take yi.

Na zinaren ya fi ƙarfin aljihuna, sai na sayi ta azurfa, siliqua, wadda nauyinta bai wuce giram biyu da ɗan wani abu ba. An haɗa mini da takarda mai hotonta gaba da baya, da nauyinta, da inda aka samo ta, da alkawarin mayar mini da kuɗina in ta fito jabu. Wannan ya burge ni ƙwarai. Sai dai babu taya, babu albarka. Abin da aka rubuta shi za ka biya, kuma a gwanjo akwai la'ada mai nauyi a kai. Ina kewar yadda kake zaunar da mai saye har a sha shayi.

Roƙona ɗaya, Yaya: liyarin nan na azurfa da Inna ta bari, kada a kai wa maƙeri ya narke. A naɗe su a ƙyalle yadda suke, kada kowa ya goge su, sai na zo.