F2FS ko ext4 a kan katin memori?

Ɗan'uwa, tunda a katin memori za ka ɗora tsarin 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi, sa F2FS ka huta. F2FS da ext4 duka hanyoyi ne na tsara ajiyar fayiloli a kan kati a Linux.

Nawa yana shago, yana rubuta lissafin ciniki tun safe har dare, a kan ɗan kati mai giga 32. Akwai daren da aka ɗauke wuta yana tsakiyar ajiya. Da safe na kunna gabana na faɗuwa, sai ga shi ya tashi lafiya lau, layukan ƙarshe kaɗai suka salwanta. Har yau katin nan ne a ciki.

Sirrin yana wajen inode, wato bayanin da ke riƙe da girman fayil da inda gutsattsarinsa suke. A ext4 inode yana da mazauni tsayayye. Fayil na canzawa, sai a rubuta canjin a kundin wucin gadi, sannan a koma a sake rubutawa a ainihin mazaunin. Rubutu biyu ke nan, ƙanana, a warwatse, alhali kati ba ya iya goge ɗan wuri sai babban yanki gaba ɗaya. Abin da ke cinye shi ke nan.

F2FS kuwa ya gaji dabarar da Mendel Rosenblum da John Ousterhout suka fito da ita a jami'ar Berkeley a 1991: ba a komawa kan tsohon rubutu, sabon inode gaba ake rubuta shi, kamar mai littafin bashi da ke ƙara sabon layi maimakon ya kankare na jiya. Amma da sauran rina a kaba. In inode ya sauya wuri, wanda ke nuna shi dole ya canza, mai nuna wancan ma haka, har can sama. Injiniyoyin Samsung, waɗanda suka ƙirƙiro F2FS, sai suka ba kowane ɗaya lambar da ba ta canzawa, suka yi wani teburi mai suna NAT da ke faɗin inda kowace lamba take yanzu. Teburin da alamar ajiya ta ƙarshe kwafi bibbiyu ne, ana rubuta ɗaya ɗayan na zaune daram. Shi ya cece ni a daren nan. Tun 2013 F2FS yake cikin Linux, daga sigar 3.8.

Kada dai ka cika katin maƙil, don in wuri ya ƙare sharar tsofaffin yankuna tana sa shi nauyi. Ɓangaren da na'urar ke tashi da shi kuma ka bar shi a tsarin ajiya na FAT.

Shi ext4, gaskiya kayan gyaransa sun fi ƙwari in abu ya lalace, amma katina na farko bai kai shekara a kansa ba.

Sannan ka yi hattara da masu sayar da katin jabu: a jiki an rubuta giga 128, ciki ko 8 bai kai ba. Ka gwada shi da manhajar gwajin kati f3probe ko H2testw tun ranar da ka saya, in ya gaza ka mayar musu da kayansu.