Sashen Tsara Abincin Masu Ciwon Hanta a Wani Asibitin Kumasi: Yabo da Ƙorafi

Wata huɗu ke nan ina raka kawuna daga Aboabo zuwa wani asibiti mai zaman kansa a nan Kumasi, inda wata jami'a ke tsara wa masu ciwon hanta abinci. Ciwon hanta nau'in B ne ya daɗe a jikinsa har hantar ta taurare, kuma kafin mu je mutanen gida sun hana shi nama da kifi da ƙwai da wake, ya koma koko zalla, damatsansa suka zube, da dare kuma yakan ruɗe har ya kasa gane jikokinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayaninta. Ta ce: "Alhaji, wannan ƙauracewar abinci da kuke yi ita ke ƙara kayar da ku." Ta nuna mana cewa lafiyayyar hanta tana mayar da amoniya, wato dattin da jiki ke samarwa idan ya sarrafa furotin, zuwa wani sinadari da ke fita ta fitsari, amma idan ta gaza sai tsoka ta karɓi aikin kwashe amoniyar, tana ƙona wasu amino asid (tubalan da ke gina furotin) guda uku masu rassa, wato lusin da aisolusin da balin, waɗanda dama a tsoka aka fi sarrafa su, ba a hanta ba. Saboda haka suna raguwa a jini, tsokar tana cin kanta, kuma idan tsoka ta ƙare babu mai kwashe amoniyar, sai ta hau ƙwaƙwalwa. Ashe ramar da ruɗewar tushensu ɗaya.

Ta ƙayyade masa furotin giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, wato giram 72 zuwa 90 ga mai kilo 60, a rarraba cikin yini, tare da ɗan abin taɓawa kafin barci, kamar fura da nono, domin kada jiki ya kwana yana cin tsoka. Gishiri ne ta rage, saboda ruwan da ke taruwa a cikinsa. Garin BCAA, wato garin waɗancan amino asid uku masu rassa, da likita ya amince a ƙara masa kuwa, ba ta ɓoye mana ba cewa yana iya rage ruɗewa amma ba ya warkar da hanta, kuma ba ya maye gurbin laktulos, maganin da ke rage amoniya ta hanji. Garin yana da ɗaci, yana da tsada, kawu sai an lallashe shi yake sha.

Ƙorafina biyu ne. Jira yakan cinye safiya guda, abin da ke da wuya ga tsoho mai kumburin ciki. Takardar jerin abincin kuma da Turanci kawai aka rubuta ta, babu tuwon zafi ko ƙosai ko wagashi a ciki, har sai da na zauna da jami'ar muka sake tsara ta da abin da matar kawu ke iya dafawa a gida.