Oba-oba mai ƙarfi ko rifita: wanne ne zai kai muryarka Giwa?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce gidanka a Samaru ta Zariya yake, shagonka a Sabon Gari, gonarku kuma ta wajen Giwa, kuma oba-oba biyun da ka saya, Baofeng UV-5R, da zarar an yi nisa kaɗan sai shuuu kawai kake ji. Kana so ka san ko ka ƙara kuɗi ka sayi wadda aka rubuta wa ƙarfin wat 8 ko 10 a kwali, ko kuwa ku haɗa hannu da abokan sha'awarka ku kafa rifita, wato na'urar da ke karɓar magana ta sake watsa ta.

Kada ka sayi mai wat 10 ɗin don wannan matsalar. Ba ƙarfi ne ya gaza maka ba, tsawo ne.

Zangunan da waɗannan rediyoyi ke aiki a kai, VHF da UHF, kusan a miƙe suke tafiya. Gini, tudu, har lanƙwasar doron ƙasa, duk suna tare su. Mutum a tsaye da oba-oba a hannu, eriyarsa kamar mita ɗaya da rabi take daga ƙasa, kuma iyakar abin da take hangowa a fili fetal bai wuce kilomita 5 ba. Idan ɗan'uwanka ma haka yake tsaye, kun sami kilomita 10 ke nan a lissafi. A lungunan Tudun Wada ko cikin Birni, tsakanin katanga da rufin kwano, ka samu kilomita biyu ma ka gode wa Allah. Ninka wat daga 5 zuwa 10 yana ƙara ƙarfin sigina da ɗan abin da kunne da ƙyar yake bambancewa, sai batir ya riƙa ƙarewa da wuri, rediyon kuma ya yi zafi a hannunka. Ballantana ma lambar da ke jikin kwalin masu araha ba kullum take cika ba idan aka auna.

To dubi ɗaya ɓangaren. Eriyar da aka ɗaga mita 9 tana hango kusan kilomita 12. Wadda ke mita 25, ta haura kilomita 20. Wannan shi ne sirrin rifita gaba ɗaya, kamar yadda ladani ke hawa hasumiya ba don muryarsa ta canza ba. Kai a Sabon Gari ba sai ka kai Giwa ba, rifitar kawai za ka kai wa magana, ita ta miƙa. Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Kufena ya hango garin a shimfiɗe ya riga ya fahimci abin da nake nufi.

Amma fa rifita ba abar wasa ba ce, kuma nan ne nake so ku yi tunani da kyau. Tana saurare a lambar zango ɗaya, tana magana a wata, duk a lokaci guda. A zangon da aka ware wa masu sha'awa, wato masu magana ta rediyo don nishaɗi, da ake kira zangon mita 2, wanda a yankinmu na Afirka ya kama daga 144 zuwa 146 MHz (ma'aunin lambar zango ke nan, MHz ɗaya kuma kHz 1,000 ne), tazarar lambobin biyu 600 kHz ce kawai. Kusancin nan ya sa dole a sa mata na'urar tacewa ta musamman, dufleksa, don kada muryarta ta toshe mata kunne, kuma dufleksar VHF manyan gwangwanaye ne masu tsada da ke buƙatar gwani ya saita su da na'urar awo. Ta UHF ta fi ƙanƙanta da sauƙin samu. Sai kebul mai kauri, domin siririn nan mai araha zai shanye rabin ƙarfin kafin ya kai saman ƙarfen da aka ɗora eriya. Sai sola da batir, tunda ba za a dogara da wutar gari ba. Sai uwa uba waya mai kyau da aka binne a ƙasa saboda aradu. Daminar Zariya ba ta raga wa dogon ƙarfe. Kuma dole a sami mutum ɗaya da zai ɗauki ɗawainiyarta, ba a bar ta a hannun "mu duka" ba.

Oba-oba ita kaɗai ba ta da ko ɗaya daga wannan wahala. Ka caja, ka rataya a ƙugu. A cikin gona, a wurin biki, tsakanin shago da sito, babu kamarta.

Akwai matsakaiciyar hanya da na fi so ka fara gwadawa. Cire guntuwar eriyar robar nan, ka sa eriyar waje a kan doguwar sanda a gidanka na Samaru, ka ja kebul zuwa ɗaki, a yi wata irinta a gona. Rediyon da ke hannunka ɗin nan zai ba ka mamaki. Don gona da daji ka zaɓi VHF, ta fi jure bishiyoyi da nisa; UHF ta fi dacewa da cikin gine-gine.

Kafin duk wannan, maganar lasisi. A ɓangaren VHF, UV-5R tana buɗe daga 136 zuwa 174 MHz, kuma yawancin wannan fili na hukumomi ne da kamfanoni. Zangon jiragen sama yana ƙarewa ne a 137, wato ya shigo cikin na rediyonka, ga kuma kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a nan garinmu, ga barikokin soja. Danna maɓallin magana a lambar da ba taka ba zai iya jawo maka abin da ba ka zata ba. Alamar kira, wato sunan da ake gane mutum da shi a rediyo, ta masu sha'awa a Najeriya da 5N take farawa, kuma daga hukuma ake samunta, rifita ma sai da izini. Sannan zangon masu sha'awa ba na harkar kasuwanci ba ne, don haka idan maganar kayan shago za ku riƙa yi, lambar kasuwanci za ka nema daban. Ku nawa ne a Samaru da ke da rediyo? Idan kun kai ku ɗauki nauyi tare, sai mu zauna mu duba wurin da ya fi tsawo.