Gidajen Kifi a Dubai: Wanda Ya Cancanci Kuɗinka da Yadda Za Ka Kauce wa Tikitin Bogi

Duk wanda ya sauka Dubai da iyalinsa, ko ba daɗe ko ba jima yara za su nemi a kai su kallon kifaye, kuma a nan ne maigida zai tarar da gidajen kifi fiye da ɗaya, kowanne da masu tallata shi. Na shiga uku daga cikinsu, kuma ma'aunin da nake amfani da shi a yanzu guda ɗaya ne: wane gida ne yake bari mutum ya ga abin da zai saya kafin ya zaro kuɗinsa?

A kan wannan ma'auni babu wanda ya kamo ƙafar Dubai Aquarium da ke cikin katafaren kantin Dubai Mall, wanda aka buɗe a shekarar 2008. Babban tankinsa yana ɗauke da ruwa lita miliyan 10, kuma fuskarsa da ke kallon masu wucewa wani bango ne na roba mai kama da gilashi da ake kira akirilik, faɗinsa ya kusa mita 33, tsayinsa ya haura mita 8, kaurinsa kuwa santimita 75, domin gilashi na yau da kullum ba zai iya jure nauyin ruwan da ke bayansa ba. Abin da ya sa na fifita shi shi ne, mutum yana iya tsayawa a gaban wannan bango ya kalli manyan kifayen shak da kifayen nan masu faɗi kamar faifai suna shawagi ba tare da ya biya ko sisi ba. Idan yaranka ƙanana ne waɗanda minti ashirin na kallo ya ishe su, ka riga ka gama. Idan kuma ka ga idonsu bai ƙoshi ba, sai ka taka zuwa wurin sayar da tikiti da ke nan kusa, ka san abin da kake saye.

Tikitin shi ne zai shigar da kai hanyar da ta ratsa ƙarƙashin tankin, mai tsawon mita 48, inda ruwa yake rufe ka ta sama da gefe biyu, har ka ga cikin kifin shak da jerin haƙoransa yana wucewa a saman kanka. Daga nan sai a hau bene zuwa sashen dabbobin ruwa, inda ake ajiye tsuntsayen fengwin da kuma wani ƙaton kada da aka kawo daga Ostareliya, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 5. Zuwa wurin ma ba wuya, domin jan layin jirgin ƙasa na birnin yana da tasha mai sunan Burj Khalifa da Dubai Mall, kuma akwai doguwar gada mai na'urar sanyaya iska da ta haɗa tashar da kantin, sai dai tana da nisa ga dattijo ko mai ciwon ƙafa. Aibinsa na gaskiya shi ne cunkoso. Ranakun Asabar da Lahadi ne hutun mako a Dubai tun daga 2022, don haka wanda yake son ya tsaya ya kalla a natse ya je da safe a tsakiyar mako.

Gidan kifin otal ɗin Atlantis da ke tsibirin Palm Jumeirah, wanda ya yi suna da Lost Chambers, yana da tanki mai lita miliyan 11, amma a ganina an ba wa adon kufan tsohon birni muhimmanci fiye da kifayen, ga shi a can ƙarshen tsibirin. Na Sharja, birnin da ke maƙwabtaka da Dubai, wanda yake unguwar Al Khan, ƙarami ne mai natsuwa, ya fi mayar da hankali kan halittun Tekun Fasha, kuma ya dace da mai neman ilimi fiye da yaron da ya zo ganin manyan kifaye. Na Abu Dabi kuwa, wato National Aquarium da aka buɗe a 2021 da SeaWorld da ya biyo baya a 2023, tafiya ce ta sama da kilomita 100, wadda za ta cinye maka yini guda.

Abin da ya fi zaɓin gida muhimmanci shi ne inda ka sayi tikitin, kuma a nan aka taɓa cuta ta. Wani mutum da ya tare mu a kan titi ya nuna mini takardu masu hotuna, ya ce zai ba ni tikiti huɗu a kan rabin kuɗi, na biya shi hannu da hannu, ya turo mini hotunan lambar da ake haskawa a ƙofa ta WhatsApp. Da muka isa ƙofa, na'ura ta nuna cewa an riga an shiga da lambobin, wayar mutumin kuma a kashe, yarana suna tsaye suna kallona. Cinikin biri a sama na yi, kuma har yau ina jin zafin tsayuwar nan a gaban jama'a fiye da zafin kuɗin.

Yadda damfarar take mai sauƙi ce: lambar tikiti sau ɗaya take aiki, amma hotonta ana iya tura shi ga mutum goma, wanda ya fara isa ƙofa shi kaɗai zai shiga. Saboda haka kada ka karɓi hoton tikiti daga hannun kowa, ka nemi saƙon imel da ya fito daga gidan kifin da kansa ko daga kamfanin tafiye-tafiye mai rajista, ɗauke da lambar ciniki da ranar shiga. Akwai kuma shafukan intanet da ake ƙerawa su yi kama da na asali, bambancinsu harafi ɗaya ne a adireshi, kuma su kan bayyana a saman sakamakon bincike a matsayin talla. Ka rubuta adireshin da hannunka, kada ka bi mahaɗin da aka turo maka a Instagram ko Facebook.

Wata cutar ba ta kai bogi ba, amma tana ɓata rai. Tikiti hawa-hawa ne: akwai na shiga kawai, akwai wanda ya haɗa da hawa kwalekwale mai gindin gilashi a saman tankin, akwai na ciyar da kifaye. Dillali marar amana zai kwatanta maka na sama ya miƙa maka na ƙasa. Haka nan wasu wuraren suna yi wa mazauna ƙasar rangwame, kuma ana tambayar katin shaidar zama a ƙofa, don haka baƙon da aka sayar wa irin wannan tikiti sai ya sake biya. Idan kuma an haɗa maka tikitin kifi da na hawa dogon benen nan na Burj Khalifa, ka duba sa'ar da aka rubuta na hawan, domin wannan yana da ƙayyadadden lokaci, kuma ka tambayi mai sayarwa a rubuce ko ana iya sauya ranar kafin ka miƙa katinka.