Malamar tarihin fasaha ta intanet: inda kuɗina ya yi aiki da inda ya tafi a banza

Na biya wata cibiyar koyarwa ta intanet, wadda ba zan kama sunanta ba, ta shirya 'yata jarabawar tarihin fasaha ta AP, wadda hukumar College Board ta Amurka ke gudanarwa a watan Mayun kowace shekara. Yarinyar so take ta karanta zanen gine-gine, kuma jami'o'in da take hange a waje suna duba irin wannan sakamako. Tun da aka gama, iyaye a nan Sakkwato ke tare ni, wasu a bakin masallaci wasu a waya, suna tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya, amma ba ta inda tallarsu ta nuna ba.

Jarabawar ta ginu ne a kan ayyukan fasaha 250 da aka zaɓo daga duniya baki ɗaya, tun daga zanen da mutanen farko suka yi a bangon kogo har zuwa na masu fasahar da ke raye yau. Akwai gine-gine, akwai sassaƙa, akwai zanen fenti, har da darduma da tukwane. Awa uku ake yi. Awar farko tambayoyi 80 ne na zaɓi, sauran awa biyun kuma rubutu shida, biyu dogaye huɗu gajeru, kowane ɓangare da rabin maki. Sakamako daga 1 ne zuwa 5. Da Turanci ake amsa su duka, don haka yaron da Turancinsa ke ɗingishi, a fara gyara wannan tukuna kafin a kai kuɗi ko'ina.

Abin da cibiyar ta fi tallatawa shi ne tarin takardu da bidiyoyi da ta ce ta tanadar wa kowane aiki. Wannan shi ne ɓangaren da bai cancanci ko kwabo ba. Shafin Smarthistory da na Khan Academy suna da bayanin ayyukan nan kyauta, da hotuna masu kyau, kuma takardun da aka turo mana ba su ƙara komai a kan abin da ke can ba. Wasunsu ma hoton ya dushe har ba ka bambance jan fenti da ruwan ƙasa, a darasin da launi ke cikin abin da ake tambaya.

Kuɗina ya yi aiki ne a kan mutum ɗaya, malamar da aka haɗa mu da ita. Bahaushiya ce, daga Kaduna take koyarwa ta Zoom, tana bayani da Turanci, in abu ya cije ta juya Hausa.

'Ya'yanmu sun saba da hadda, kuma 'yata ta shiga darasin da wannan ƙarfin. Kafin a je ko'ina ta buga hotunan a shagon kwamfuta na unguwarmu a Mabera, ta yanka kwali, hoto a gaba, a baya sunan aiki da wanda ya yi shi da shekara da abin da aka yi shi da shi. Tana iya zubo maka su ba gargada. Malama ba ta hana ba, don a dogon rubutu dole ɗalibi ya tantance aikin da ya zaɓa da irin waɗannan bayanai. Amma ta nuna mata tun da wuri cewa hadda kaɗai ba ta kai mutum ko'ina a nan, tunda akwai tambayar da za a ajiye maka aikin da ba ya cikin 250 ɗin, a ce ka faɗi wace al'umma ko wane mai fasaha ya yi shi, ka kuma kawo hujja daga abin da idonka ya gani.

Na zauna a gefe ranar da suka yi allon tagulla na fadar Oba na Benin, na ƙarni na 16. Malama ta sa hoton ta yi shiru. 'Yata ta fara karanto abin da ke bayan kwalinta, sai ta tare ta.

"A'a, ƙanwata, ajiye kwalin. Me kike gani?"

"Mutum a kan doki, Malama."

"Da wa ya fi girma, shi ko dokin?"

Nan yarinyar ta tsaya. Oba ya fi dokin da yake kai girma nesa ba kusa ba, ya kuma fi duk na kusa da shi. Masu riƙe masa hannu ba su kai shi girma ba, wasu can gefe ƙanana ne ƙwarai. Sai da ta gano da kanta cewa girman jiki a allon girman matsayi ne, sannan Malama ta ja ta zuwa murjanin da ya rufe wuyansa da garkuwoyin da aka ɗaga a kansa. Daga nan aka shiga yadda ake zubin: a siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Aka zo kan cinikin Benin da Turawan Fotugal da ya ƙara yawan tagullar a hannun maƙeran fada, aka ƙare da 1897, shekarar da sojojin Ingila suka ci birnin suka kwashe allunan, dalilin da ya sa yau sai a gidajen tarihin Turai da Amurka ake ganin yawancinsu. Darasi guda ya tafi a kan allo guda. A lokacin na ji kamar ana ci min kuɗi a hankali, sai da na ga ta ɗauki wannan duban ta kai shi kan ayyukan Masar da ba a riga an koya mata ba.

Gyaran rubutu shi ne ɗaya abin. Duk mako 'yata na rubuta amsa, Malama ta dawo da ita cike da jan biro. Ba ta yabo don a ji daɗi. Kalmar da ta fi yawan rubutawa a gefe ita ce "ina hujja?" In yarinya ta ce ginin yana nuna ƙarfin sarki, sai ta nuna wane sashe na ginin, kuma ta yaya. Wannan ne bidiyon kyauta ba zai yi wa ɗanka ba, kuma shi kaɗai ne dalilin da zan ce wani ya biya.

Akwai maganar da duk uba a garin nan zai so ya ji, gara in faɗe ta a fili. Cikin ayyukan akwai gumakan Girka da Rum marasa sutura, akwai zanen mata tsirara na Turai, irin na Titian na wajen 1538 da na Manet na 1863. Ba su da yawa in aka kwatanta da 250, amma suna nan, kuma ana iya tambaya a kansu. Cibiyar ba ta ce mana uffan ba lokacin karɓar kuɗi. Malama ce ta kira ni da kanta kafin a iso wurin.

"Alhaji, akwai abin da nake so ka sani kafin mako mai zuwa," in ji ta, ta lissafa min su ɗaya bayan ɗaya.

Muka yi shawara da mahaifiyar yarinyar, aka tsaya a kan cewa ita za ta zauna a waɗannan darussa, kuma a taƙaita kan abin da jarabawa ke nema: wa ya sa aka yi zanen, don wa, me ya sa na Manet ya tayar da ƙura a Faris. Kowane gida da inda yake ja layinsa. Wanda ya san ba zai lamunta ba sam, ya sani tun kafin ya biya, don ba a cire su daga manhajar saboda kowa.

Inda Malama ta gaza kuwa, abin mamaki, shi ne ɓangaren da ya fi kusa da mu. Kashi biyu na Turai da nahiyar Amurka sun kwashe ayyuka 105, Afirka na da 14, Yammaci da Tsakiyar Asiya 11. Ta bi wannan lissafi ta zuba watanni a kan coci-cocin Faransa da masu zanen Italiya, sannan ta bi ta kan Ka'aba da Ƙubbatus Sakhra ta Ƙudus da dardumar Ardabil ta Iran a gurguje, wai ai mun san su. Sanin Ka'aba a matsayin alƙibla daban, iya rubuta yadda kiswa da ɗawafi suka shafi siffar wurin daban. Ƙubbar da Halifa Abdulmalik ya kammala a 691 zuwa 692 ma, sai da 'yata ta koma Smarthistory kafin ta fahimci dalilin kusurwoyinta takwas da hanyar zagaye da ke cikinta.

Babban Masallacin Djenne na Mali, wanda aka sake ginawa a 1906 zuwa 1907, a gida muka gama shi. Bayanin da aka ba ta ya ce itatuwan da suka fito daga bangon ado ne da kuma abin takawa, ba a ƙara ba. Akwai wani kawuna, tsohon magini ne a cikin gari, ya zo gaisuwa ta nuna masa hoton a waya. Ya kawo wayar kusa da ido ya daɗe yana dubawa.

"Wanga ai azara ta, ɗiyata. Nan magini ka taka ƙahwa in za shi yaɓe."

Ya zauna ya yi mata bayanin dalilin da ya sa ake zaɓar giginya, cewa gara ba ta cinta da sauƙi, da yadda ake kwaɓa ƙasa a bar ta ta kwana biyu kafin ta kama, da abin da ruwan damina ke yi wa bangon da aka yi shekara ba a yaɓe ba. A Djenne gari guda ke fitowa yaɓen masallacin duk shekara, kuma bayan zaman nan yarinyar ta gane cewa yaɓen ba gyara ba ne kawai, da shi ginin ke rayuwa. Haka da aka zo kan ganuwar dutse ta Zimbabuwe, wadda aka jera ba tare da abin ɗauri ba, ni na tuna mata da kangon Surame na Kanta da ke nan jiharmu. Malama ta ce kada ta kawo Surame a amsa, ta tsaya kan ayyukan da masu duba takarda suka sani. Na ga hikimar hakan, ko da yake bai yi min daɗi ba.

Sauran matsalolin na garinmu ne, kowa ya san su. Ƙarshen shiri ya faɗo a Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wuta na zuwa tana tafiya, intanet na yankewa ana tsakiyar magana. Malama na ɗaukar darasin ta turo, kuma da azumi ta yarda aka mayar da shi bayan tarawihi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ofishin cibiyar kuwa, darasin da ya faɗi saboda matsalar ɓangarensu sai ka yi ta bi kafin a rama.

Laifi biyu nasu ne kai tsaye. Tun 2025 a kwamfuta ake rubuta jarabawar nan, ta manhajar Bluebook, amma aka bar yarinya tana rubutu da biro tana ɗaukar hoto ta turo ta WhatsApp har sai da na yi magana. Wanda bai saba buga rubutu da sauri ba, awa biyun nan ba za ta ishe shi amsa shida ba. Makonnin ƙarshe da agogo a gabanta ta yi su, tana koyon bugu da tarihin fasaha a lokaci guda.

Na biyun ya fi muni. Ba a rajistar AP kai tsaye da College Board, sai ta hannun makarantar da aka amince ta gudanar da jarabawar, kuma makarantu na tura sunaye ne tun watan Nuwamba. Makarantar 'yata ba ta cikinsu. Cibiyar ta karɓi kuɗin wata na farko da na biyu ba ta taɓa ɗaga maganar ba, a bakin wani uba na ji. Da na kira ofishinsu sai aka ce min su koyarwa kawai suke yi. Mun samu gurbi da ƙyar a wajen Sakkwato, da kuɗin mota da na masauki da ba su cikin lissafina.

Sakamako ya fito a Yuli, ta samu 4. Ta ce tambayar da ta fi ba ta wuya daga tsibiran Pasifik ta fito, kashin da shi ma aka bi ta kansa a guje a makon ƙarshe. Ƙanenta ya ce shi ma yana so baɗi. Na riga na tambayi Malama ko tana karɓar ɗalibi ba ta hannun cibiyar ba, ta ce sai yarjejeniyarta da su ta ƙare a Disamba, don haka wurin jarabawa zan fara nema masa kafin nan.