Kafin Ka Sayi Na'urar Hannu Don Tsofaffin Kaset ɗin Game Boy

Duk wanda yake da tarin kaset ɗin Game Boy (na'urar wasan gem ta hannu ta kamfanin Nintendo) na 1989, ko na Game Boy Color na 1998, ko na Game Boy Advance na 2001, ya san cewa kaset ɗin sun fi na'urorinsu tsawon rai, domin allon tsohuwar na'ura yakan dushe, maɓallanta su saki, alhali kaset ɗin yana nan daram. Wannan ne ya sa kamfanoni suka fara ƙera sababbin na'urori masu ramin kaset. Sai dai a bambanta su da ire-iren Anbernic da Miyoo, waɗanda ba su da wurin sa kaset ko kaɗan, gem ɗinsu a katin memori yake. Waɗannan ba su cikin zancenmu.

Wadda na fifita ita ce Analogue Pocket, wadda wani kamfani na birnin Siyatil a Amurka ya fitar a Disamba 2021. Maimakon manhaja mai kwaikwayon tsohuwar na'ura, tana amfani da wani guntun lantarki da ake kira FPGA, wanda ake tsara shi ya yi aiki tamkar kayan cikin Game Boy na asali, saboda haka sauti da saurin wasa suna fitowa yadda aka san su, kuma da wuya ka ji jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin hoto. Allonta inci 3.5 ne mai ɗigon hoto 1600 a 1440, wato ninki goma cif na allon Game Boy mai 160 a 144, kuma wannan lissafin ne ya ba ta damar nuna har da koren launin nan da siraran layukan tsohon allo ga mai sha'awarsu. Tana karɓar kaset na dukkan Game Boy uku kai tsaye, da adafta kuma tana karɓar na wasu tsofaffin na'urorin wasan hannu, wato Game Gear, Neo Geo Pocket Color da Atari Lynx. Ana cajinta da USB-C. Farashinta ya fara a dala 199, a ƙarshen 2021 ya koma kusan dala 220, ban da kuɗin jigila da na kwastan ga mai oda daga nesa. Aibinta guda shi ne ramin kaset ɗin ba shi da zurfi, don haka dogon kaset yakan ɗan yi rawa idan yatsa ya taɓa shi.

ModRetro Chromatic ta 2024 tana da jikin ƙarfen maganiziyam mai ƙwari, tana cin batir AA guda uku, amma ba ta karɓar kaset ɗin Advance, kuma a wajena nan zancenta ya ƙare. FPGBC ta kamfanin FunnyPlaying ta fi araha nesa ba kusa ba, ita ma ba ta buɗe Advance. Evercade ta Ingila kuwa kaset ɗinta kaɗai take ci.

Abin da ya fi zaɓen na'ura muhimmanci shi ne kaset ɗin da za a sa mata, domin kasuwar intanet cike take da na jabu, musamman na Pokémon. Wani mai sayarwa ya taɓa aiko mini da irinsa da sunan na asali. Wasa ya yi nisa, wata rana na kunna sai na tarar duk abin da na adana ya goge. Kaset ɗin Advance na gaskiya yana da lambobi da aka danna a jikin takardar gabansa, waɗanda sai an karkata shi ga haske ake ganinsu. Idan ka leƙa ta bakinsa, sama da haƙoran ƙarfen, za ka ga sunan Nintendo da shekara a rubuce a kan koren allon ciki. Ƙusar bayansa mai baki uku ce, ba ta sukurudireba ta gida ba. Na jabu idan aka buɗe shi sau da yawa akan ga wani baƙin dunƙule kamar ɗigon kwalta a inda ya kamata a ga guntun lantarki mai ƙafafu. Kaset mai iƙirarin gem ɗari a ciki kuwa, sanin kowa ne ba daga Nintendo ya fito ba.

Kada kuma a yi saurin zargin na asali da ha'inci: kaset ɗin Pokémon Gold da Silver suna riƙe ajiya da ƙaramin batir a cikinsu, wanda bayan shekaru ashirin da ɗoriya yawancinsu sun mutu, sauya shi kawai ake yi da dalma. Mai shirin sayen kaset da yawa zai amfana da GB Operator ta kamfanin Epilogue, wadda ake haɗawa da kwamfuta ta kwafe ajiyar wasa, ta kuma nuna ko kaset ɗin na asali ne. Kafin biyan kuɗi, a nemi hoton gaba da baya da na bakin kaset ɗin, wanda mai sayarwa ya ɗauka da kansa, ba wanda ya sauko da shi daga intanet ba.